Kiran Mama Furin

Duk mai hawa bas da sassafe a Plumstead, wata unguwa a London, ya san Zaratu, ko da bai san sunanta ba. Ita ce doguwar matar nan mai hijabi ruwan toka a kan shuɗiyar rigar aiki, kullum a tsaye ko da akwai kujera, wai in ta zauna barci zai wuce da ita Woolwich. Aikinta kula da tsofaffi a gidajensu: wanka, canza zanin gado, dama abin kari, da tsayawa a kan mutum har ya haɗiye magani. Mutanenmu na nan suna yaba ta da haƙuri da riƙon addini. Abin da ba su sani ba shi ne, tun daga watan Mayun bara har zuwa Satumba, matar nan tana da mutum-mutumin Kiristoci ɓoye a gidanta, a bayan boila, na'urar dumama ruwa, naɗe cikin tsohon zanin atamfa. Ta kasa jefar da shi, ta kasa zama da shi, mijinta kuma bai sani ba.

A Tudun Wadan Kaduna aka haife ta. A hannun kakarta ta tashi, ita kuma ta yi jinyar tsohuwar har rai ya yi halinsa, shi ya sa lalurar jiki ba ta taɓa ɗaga mata hankali ba. Aure ne ya kawo ta London. Mijinta Malam Zuberu ya zo karatun injiniya, karatu ya ƙare aiki bai samu ba, ya kama tuƙin bas, ga shi yau furfura ta riske shi a kan sitiyari. Da 'yarsu Ummi ta yi wayo, Zaratu ta shiga aikin care. Tsofaffi da yawa sun bi ta hannunta, wasu sun zage ta, wasu sun bar mata kofin shayi a matsayin gado. Amma a cikinsu babu kamar Mama Furin.

Sunan tsohuwar na gaskiya Purificacion, mutanenta na ce mata Puring, harshen Zaratu ya mai da shi Furin, tsohuwar ta yi dariya ta ce ta karɓa. 'Yar ƙasar Filifin ce, nas ce da ta zo Ingila tun tana budurwa, ta ƙare ƙuruciyarta a asibitocin garin nan, ba miji ba ɗa. 'Yar mitsitsiya ce, amma bakinta ya fi ta girma. Ranar farko ta sa Zaratu ta sake gyaran gado har sai da kusurwar zanin ta tsaya cak, ta ce a zamaninsu da an kore ta tun kafin shayin safe. Flat ɗinta yana can saman wani dogon bene na council, wato ƙaramar hukuma, in ka tsaya a taga kana hango kogin Thames yana tafiya a hankali kamar kunu.

A wannan tagar suke zama in aiki ya lafa, tsohuwa ta kama labarin garinsu, Naga. Ba ta ba da labarin garin da titi ko kasuwa, da coci take ba da shi. Akwai babban cocin mai kaurin bango saboda girgizar ƙasa, inda aka yi mata baftisma. Akwai na tsakiyar gari mai tsohuwar hasumiyar jan bulo, inda uwarta ke sayar da kyandir a bakin ƙofa. Sai kuma wanda ta fi so, ɗan ƙarami kusa da kogi, inda a zamaninta ake ajiye siffar Maryamu uwar Yesu, wadda mu muke ce wa Nana Maryam. Ta ce duk watan Satumba maza ke ɗaukar siffar a kafaɗa, ba takalmi, suna turereniya kowa na son hannunsa ya taɓa, su kai ta babban coci a yi kwana tara ana addu'a. Ranar komawa kuwa ta ruwa ake bi da ita. Magariba na yi, bakin kogi hagu da dama sai ya koma wuta saboda kyandir, jama'a na kaɗa fararen hankici, ƙararrawa na tashi daga ko'ina har ka rasa daga wane coci take.

Sau ɗaya tak ta faɗi abin da ya raba ta da garin. Wata shekara gada ta karye da 'yan kallo ana tsakar bikin. Ita tana bakin aiki a asibiti aka fara shigo da gawarwaki a jiƙe, a cikinsu ta gane ƙanwarta da rigar da ita ta ɗinka mata. Ta faɗa, ta ce Zaratu ta ɗora ruwan shayi, ba ta sake tayar da maganar ba.

Ƙaramar irin wannan siffar ce take da ita a kan wata kanta a falo. Tsawonta bai wuce kamu ɗaya ba: mace mai duhun fuska, da kambi, da riga mai faɗi kamar an kifa ƙwarya, rungume da jariri. Da Turanci tsohuwar ke kiranta, tana cewa Uwargijiyarmu. Matsalar ita ce kantar tana daidai alƙibla, Zaratu kuma a falon take yin azahar. Mama Furin da kanta ta kashe maganar. Ta miƙo mata farin hankici ta ce in za ta yi salla ta rufe siffar, Uwargijiyar ba za ta ji haushi ba, uwa ce, ta saba da 'ya'ya masu juya mata baya. Haka suka zauna shekara da shekaru. Wannan ta ja carbinta, waccan ta ja nata.

A madadin labarin Naga, Zaratu ta koya mata gaisuwar Hausa. Da ta murɗa makulli da safe sai ta ji siririyar murya daga ciki: “Ina kwana, Saratu.” Ta amsa, su yi dariya.

To, sai ciwon mantuwa ya shigo. Ya fara da sunayen kwanaki, ya ci na magunguna, a hankali ya cinye Turancin da ta yi rayuwarta da shi, ya bar ta da harshen da aka yi mata goyo da shi, wanda Zaratu ba ta jin ko kalma ɗaya. Da jiki ya yi nauyi aka kawo gadon asibiti aka kafa a falo, dole aka cire kantar. Zaratu ta ɗauki siffar ta kai ɗakin kwana, ta sa a kabad tsakanin tawul don kada ta fashe. Wannan gaskiya ne. Akwai kuma wata gaskiyar: sallarta ta fi yi mata daɗi da falon ya zama wayam.

A makonnin ƙarshe kalma ɗaya ce ta rage a bakin tsohuwar. Idonta na yawo a bango, hannunta na lalube a kan bargo, tana cewa, “Ina… Ina…”

Zaratu sai ta sunkuyo da fara'arta. “Lafiya lau, Mama. Ina gajiya?”

“Ina…”

“Kwana, Mama. Ina kwana. Ƙarasa mana.”

Wani lokacin ta ɗauka tambaya take yi, sai ta ce mata nan suke, gida, ga kogi can. Har alfahari ta yi wa Katumi, abokiyar aikinta 'yar zangon Kumasi, ta ce tsohuwarta ta manta Turancin Sarauniya amma ba ta manta Hausa ba. Katumi ta ce ai sai a nema mata fili a Kano.

Wata Talata da hantsi, ruwan sama ya ɗauke ke nan, Mama Furin ta cika, hannunta cikin na Zaratu, kalmar nan a bakinta.

Zaratu ta je jana'izar. Ta tsaya can baya kusa da ƙofar cocin, hannuwanta cikin hijabi. Mutanen ba su da yawa, yawanci tsofaffin nas-nas ne 'yan ƙasarsu. Da fada, limamin cocin, ya gama, sai matan suka taso suka kewaye akwatin, suka kama waƙa da harshensu, murya na rawa. A cikin waƙar Zaratu ta ji kalmar. Ta ce ko kunnenta ne. Ta sake ji, a fili, suna jan ta kamar yadda tsohuwar ke ja.

A waje ta tari wata mai sanda da ake kira Leding, ƙawar marigayiyar tun daga gida, ta tambaye ta ma'anar abin da suke maimaitawa. Matar ta ce ai uwa ke nan da harshensu. Ta ce mutanen Naga ba sa kiran Maryamu da wani dogon suna, Ina kawai suke cewa, yaro da babba, kuma duk ɗan garin da ya ga mutuwa ita yake kira. Sannan ta dafa hannun Zaratu ta yi mata godiya, ta ce ta san Puring ta tafi tana kallon fuskar Ina, tunda ba ta taɓa rabuwa da ita ba.

Zaratu ta gyaɗa kai. A bas ɗin komawa, ga kujeru birjik, ranar dai ta zauna.

Bayan 'yan kwanaki council ta turo masu kwashe kaya, don wani ɗan 'yar'uwar marigayiyar da ke Kanada ya ce ba abin da yake so. Zaratu ta biyo ta wajen tsakanin shift da shift, ta tarar da baƙaƙen ledoji jibge a bakin bola. Ba ta san abin da ya sa ta kwance su ɗaya bayan ɗaya ba. A cikin ledar tawul ta sami siffar, tsinin kambin ya huda ledar. Ta zura a jaka ta yi gaba kamar ɓarauniya.

Daga ranar ne abin ya kama ta. Ba wai ta ga fatalwa ba, ita ba ta yarda da wannan ba. Harshenta ne ya juya mata baya. Bahaushe ba ya wuni bai ce ina ba. Malam Zuberu zai leƙo daga ɗaki: ina makullina, ina kika sa caja, ina za ki da rana haka. Kowace ɗaya sai ta ji ta da waccan siririyar muryar, a ja, ba ƙarshe. A waya 'yan'uwa daga Kaduna su fara da ina wuni, ta yi shiru har su ce ko network ne. Ita kanta ta daina gaisuwar, ta koma barka da asuba, barka da yamma, har matan islamiyyarsu ta ranar Asabar suka fara cewa Maman Ummi ta koma Hausar rediyo. Boila kuma, da can ba ta taɓa lura da ƙararsa ba, yanzu in ya yi ƙas-ƙas tana cikin salla sai ta rasa raka'a ta nawa take. Ta san abin da malamai suka faɗa a kan gidan da ke da siffa, cewa mala'ikun rahama ba sa shigarsa. Takan tsaya a ƙofar flat ɗinta da makulli a hannu, ta ji kamar akwai waɗanda ta bari a waje.

Katumi kaɗai ta faɗa wa, suna cin abinci a kan benci a bakin wani gidan tsofaffi. Katumi ta ajiye cokali.

“Kai, Zaratu. Gunki ya na gidanka, ka na salla? Mijinka ya sani?”

“Yaya Katumi, ki daina ce masa gunki.”

“To mene ne, ɗan tsana? Ka ji, ba a ruwa su ke kai shi ba? Ga ruwa nan Woolwich, kyauta. Ka sa shi, ya tafi gida da kansa. Ko visa ba ya so.”

Dariyar ba ta zo wa Zaratu ba, amma ta gwada. Wata ranar Lahadi da la'asar ta je bakin kogi wajen da jirgin fito ke tsayawa, jaka a ƙirji. Ruwa ya janye, ya bar laka baƙa da tayoyi da keken kanti a kife. Ta daɗe tana kallo. Ta tuna wadda aka ciro daga wani kogin da rigar da yayarta ta ɗinka mata. Ta juyo da kayanta.

Ta san inda ya kamata ta kai shi. Mutanen Filifin suna taruwa a cocin da aka yi jana'izar duk Lahadi da rana, Leding ba ta fashi. Amma in ta kai, za a tambaye ta yadda aka yi ya zo hannunta, daga nan kuma sai a zo kan inda yake ranar Talatar nan. Sau da yawa ta sauka a bas a gaban cocin, ta ji ƙararrawa, ta tsallaka titi ta shiga kantin Turkawa ta sayi tumatur da ba ta bukata.

Boilan ne ya tona ta. Sanyin Satumba ya fara, ruwan zafi ya ƙi zuwa, Malam Zuberu ya yi booking ɗin mai gyara ba tare da ya faɗa mata ba. Ta dawo daga aiki ta tarar da ƙunshin atamfar a kan teburin cin abinci, a buɗe, shi kuma yana zaune nesa da shi, ko rigar aiki bai cire ba. Mutum ne da ba ya ɗaga murya, wannan ya fi faɗa ciwo.

“Maman Ummi, tun yaushe?”

Ta faɗa masa. Ta faɗi duka, har da daɗin da sallarta ta yi mata da falon ya zama wayam. Ya saurara yana murza hularsa a gwiwa.

“Kin amsa mata da lafiya lau,” in ji shi.

“Kullum, Malam. Har gyara mata nake yi.”

Bai yi mata wa'azi ba. Ya ce abu biyu ne, kuma ba ya so ta haɗa su. Na farko, wannan abin ba zai sake kwana a gidansa ba. Na biyu, kayan mutane ne, amana ce, ba a zuba amana a bola, ba a kuma ɓoye ta a bayan boila don tsoron tambaya. Ya ɗauki makullin mota ya ce ta naɗe shi da kyau.

A cocin aka kwatanta musu gidan Leding, can wajen Abbey Wood. Shi ya tsaya a mota. Zaratu ta hau ita kaɗai. Ɗakin na ƙamshin dafaffiyar shinkafa da man zafi, a kan kujeru an baza fararen hankici ana gogewa, don a ƙarshen makon ne za su yi nasu ɗan bikin, su zagaya harabar coci tunda ba su da kogi. Da tsohuwar ta buɗe atamfar sai ta yi alamar gicciye, ta sumbaci rigar siffar, ta yi mata magana ƙasa-ƙasa kamar mai lallashin yaro. Sannan ta ɗago ta yi tambayar da Zaratu ta yi wata huɗu tana gudu.

A tsaye ta ba ta amsa, da Turancinta na aiki, ba ta rage komai ba. Ta bayyana mata abin da kalmar ke nufi da Hausa, da gaisuwar da ta koya wa marigayiyar.

Leding ba ta ce mata “ba komai” ba. Fuskarta ta ɗaure, ta daɗe tana shafa kambin da babban yatsa, inda tsini ɗaya ya lanƙwashe.

“Ɗaki ɗaya ne tsakaninsu,” in ji ta.

“Ɗaki ɗaya.”

“Da kin kira ni. Lambata na jikin firij.”

“Na ɗauka na gane abin da take faɗa, Mama.”

Tsohuwar ta sauke numfashi. Ta ce ita ma ba za ta yi ƙarya ba, rabonta da gidan tun kafin Ista, don ba ta iya jure ganin Puring ba ta gane ta. Ta ce kuma kalmar ta uwa ce kowace iri. Mai yiwuwa wannan take nema, mai yiwuwa mai sayar da kyandir ce, wadda ta haife ta. Ta ce waɗanda suka tsira daga gadar nan sun ce da ma abin da aka yi ta kira ke nan a cikin ruwa, kuma babu wanda ya san wacce kowa ke nufi.

“To wacce take kira?” in ji Zaratu.

“Ban sani ba, 'yata. Ke ce kike wurin.”

Ta ɗora siffar a kan talabijin, ta juya fuskarta wajen ɗakin. Ta ce ranar Asabar za a ɗauke ta a zagayen, in kuma wani zai tafi gida za ta ba shi ya kai ta Naga. Ba ta gayyaci Zaratu ba, ba ta kuma kore ta ba. Ta ninke atamfar ta miƙa mata.

A mota Malam Zuberu bai tambaye ta komai ba. Gida ya koma gida, boila ya gyaru, sallarta ta daidaita. Muryar dai ba ta tafi duka ba. Ta rage zuwa, amma takan zo, musamman in gari ya yi luf bayan ruwa.

Abin da ya canza a fili shi ne yadda take karɓar sabon tsoho. Ofis na ba ta bayanin magani da abinci da lambar ƙofa, ita kuma tana da nata tambayoyin da ba a koya mata a wajen horo ba. Kafin ta taɓa mutum sai ta nemi danginsa su faɗa mata, da harshen da aka haife shi a ciki, yadda ake cewa ruwa, da zafi, da uwa, da kuma sunan da yake kiran Ubangijinsa da shi in ya shiga matsi. Ta maimaita har ya zauna a bakinta. Katumi na tsokanarta, wai Zaratu ya buɗe jami'ar harsuna a bas.

Watan jiya aka ba ta wani dattijo ɗan Biyetnam a Thamesmead, shi ma ɗan Katolika, shanyewar ɓarin jiki ta taɓa masa magana. 'Yarsa ce ta buɗe ƙofa, mace mai kirki, haifaffiyar nan, tana sauri za ta wurin aiki. Zaratu ta yi mata tambayoyinta. Matar ta ba ta kalmar ruwa, ta ba ta kalmar uwa. Da aka zo kan sauran sai ta tsaya, makullin mota a hannu, kunya ta rufe ta. Ta ce ita Turanci suke yi da shi tun tana ƙarama, sai dai ko gwaggonta da ke Birmingham, in ta ɗauki waya.

Daga cikin ɗaki dattijon yana ta faɗin wani abu, gajere, yana maimaitawa.

Zaratu ta ajiye jakarta, ta ce wa matar ta kira gwaggon, ita za ta jira.